TAMBAYA RABIN ILMI: YADDA AKE GANE BINCIKEN ƘWARAI A ZAMANIN INTANET

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan, da wuya a sami mai riƙe da babbar wayar hannu a ƙasar nan wanda bai taɓa samun saƙon roƙo ba, a ce ya taimaka ya cika wata takardar tambayoyi ta intanet. Wani lokaci ɗalibi ne da ke aikin kammala digiri, wani lokaci malamin jami'a, wani lokaci kuma wata ƙungiya. Tambayoyin sukan shafi barci, da damuwa, da fargaba, da zaman aure, da shaye-shaye, watau al'amuran da masana ilmin halayyar ɗan Adam ke nazari a kansu. Bayan ɗan lokaci sai a ji an fito da sakamako, ana cewa kashi kaza cikin ɗari na mutanen gari kaza suna fama da abu kaza.

An shirya wannan ɗan littafi domin jama'a su san yadda ake auna irin wannan magana kafin a karɓe ta. Dalili kuwa shi ne, da alƙaluman bincike ake tsara inda za a gina asibiti, da yawan ma'aikatan da za a ɗauka, da maganin da za a saya. Idan alƙaluman suka karkace, kuɗin jama'a ya bi hanyar da ba ita ba, kuma wanda ya fi bukata shi ake mantawa da shi. Mun ɗauki garin Lafiya da Jihar Nasarawa a matsayin misali, amma darasin ya shafi kowace jiha ta Tarayya.

Me ya sa ba a tambayar kowa da kowa?

Tambayar kowa da kowa ita ce ƙidayar jama'a, aiki ne mai cin kuɗi da lokaci. Rabon Nijeriya da ita tun 2006, lokacin da aka sami mutum 140,431,790. Wadda aka shirya yi a watan Mayu na 2023 an ɗage ta. Saboda haka a yawancin bincike akan zaɓi mutane kaɗan a tambaye su, a ɗauki amsarsu a madadin ta sauran. Waɗannan da aka zaɓa su ake kira samfur.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Uwargida ba ta shanye tukunyar miya kafin ta san ko gishiri ya ji. Ɗan kaɗan take ɗanɗanawa. Amma fa sai ta motsa miyar tukuna, don in ta ɗebo daga sama kawai, mai za ta ɗanɗana, gishirin yana can ƙasa. Haka mai sayen riɗi ko agushi a kasuwar Lafiya, ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, sai ya sa an ɗebo masa daga tsakiya da kuma gindi, domin ya san ɗanyen kaya da tsakuwa can suke ɓuya.

Motsa tukunya a wajen masu bincike shi ne zaɓe ta hanyar ƙuri'a, yadda kowane mutum a cikin jama'ar da ake magana a kansu yana da damar a faɗo kansa, ko yana birni ko yana ƙauye, ko ya yi boko ko bai yi ba. Samfurin da aka zaɓa haka shi ne ake cewa yana wakiltar jama'a.

Darasi daga Amurka

Kada mai karatu ya zaci yawan masu amsawa shi ne ingancin bincike. A shekarar 1936 wata mashahuriyar mujalla ta Amurka mai suna Literary Digest ta aika da takardu wajen miliyan 10 tana tambayar wanda mutane za su zaɓa shugaban ƙasa. Fiye da mutum miliyan 2 suka maido da amsa. Mujallar ta ba da sanarwa cewa Alf Landon ne zai ci zaɓe da kashi 57 cikin 100. Da aka kaɗa ƙuri'a sai Franklin Roosevelt ya lashe jihohi 46 daga cikin 48, Landon ya tashi da biyu tak.

Abu biyu suka jawo wannan abin kunya. Na farko, mujallar ta samo yawancin sunayen ne daga littafin lambobin tarho da rajistar masu motoci, alhali a lokacin ana cikin matsin tattalin arziki, masu hali ne suka fi mallakar waɗannan abubuwa. Na biyu, waɗanda suka ɗauki wahalar maido da takardar sun fi yawa cikin masu adawa da Roosevelt. A wannan shekarar George Gallup ya tambayi mutane kimanin 50,000 kawai, amma ya kula da a sami kowane rukuni a ciki, ya kuwa faɗi wanda zai ci daidai. Ba a yi shekara biyu ba mujallar ta daina fitowa.

Tarhon 1936 shi ne babbar wayar hannu ta yau. Kuskuren bai sāke ba, kayan aikin ne suka sāke.

Wa ke amsawa a Jihar Nasarawa?

An ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga tsohuwar Jihar Filato ran 1 ga Oktoba, 1996, da hedkwata a Lafiya. Tana da ƙananan hukumomi 13. A ƙidayar 2006 an sami mutum 1,869,377 a jihar, kimanin 330,000 daga cikinsu a Ƙaramar Hukumar Lafiya. Jiha ce ta harsuna da yawa: Eggon, da Alago, da Gwandara, da Mada, da Migili, da Afo, da Gbagyi, da Tibi, da Fulatanci, da Hausa, da sauransu. Noma shi ne babbar sana'ar jama'a. Haka kuma jihar tana da manyan makarantu, ciki har da Jami'ar Tarayya ta Lafiya da aka kafa a 2011, da Jami'ar Jiha da ke Keffi, da Kwalejin Ilmi ta Akwanga.

To, a ce wani mai bincike ya rubuta tambayoyi da Turanci a kan damuwa da rashin barci, ya saka su a intanet, ya tura wa abokansa ta WhatsApp, su ma suka tura wa nasu. Kafin mutum ya amsa, sai ya tsallake shinge biyar. Sai yana da babbar waya. Sai yana da kuɗin data. Sai akwai sabis da wutar caji a inda yake. Sai ya iya karanta Turanci. Sai kuma saƙon ya iso gare shi, ya ga damar amsawa.

Kowane shinge yana tankaɗe wasu. Ɗalibai da ma'aikatan gwamnati a Lafiya, da mazauna Mararraba da Masaka da ke zuwa aiki Abuja, za su tsallake da sauƙi. Amma manomin doya a ƙauyukan Obi, da matar da ke dafa gishiri a Keana ko Awe, da makiyayi a dajin Doma, da tsohon da idonsa ya yi rauni, yawancinsu ba za su ma ji labarin binciken ba. Idan mai binciken ya rubuta cewa ya gano halin da mutanen Nasarawa ke ciki, ya faɗi abin da ya fi ƙarfin shaidarsa. Abin da ya gano shi ne halin abokan abokansa.

Akwai kuma wani abu. Mutumin da batun ya dame shi ya fi saurin amsawa. Wanda ya kwana bai runtsa ba, in ya ga tambaya a kan rashin barci, zai tsaya ya cika; mai barci lafiya sai ya wuce. A ɗaya gefen, wanda ciwon damuwa ya yi wa tsanani ƙwarai mai yiwuwa ba ya ko duba waya. Don haka adadin yana iya hauhawa, yana kuma iya faɗuwa, mai binciken bai san wanne ya faru ba.

Ɗan lissafi

Ga misali na ƙaddarawa don a ga yadda abin ke aiki. A ce mutum 1,000 suka amsa, maza 800, mata 200, alhali a garin maza da mata kusan rabi da rabi ne. A ce cikin mazan kashi 10 cikin 100 ne suka ce suna fama da damuwa, watau mutum 80, cikin matan kuwa kashi 30 cikin 100, watau mutum 60. Jimla 140 ke nan cikin 1,000, sai a ce kashi 14 cikin 100. Amma da an ba mata rabonsu na rabi, sai a haɗa 10 da 30 a raba biyu, a sami kashi 20 cikin 100. Hukumar da ta yi tanadi bisa 14 ta bar kusan mutum ɗaya cikin kowane uku na mabukata ba tare da komai ba.

Masana ƙididdiga suna da dabarar gyara wannan, ita ce daidaita nauyi, watau a ƙara wa amsar rukunin da ya yi ƙaranci nauyi, a rage wa wanda ya yi yawa. Dabara ce mai amfani, amma tana da iyaka. Idan matan nan 200 duk ɗaliban jami'a ne, kome nauyin da aka ɗora wa amsarsu ba za ta zama amsar matan karkara ba. Wanda ba a tambaya ba, lissafi ba ya iya yin magana da bakinsa.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce

A 2008 wani masani Ba'amurke, Jeffrey Arnett, ya duba manyan mujallun ilmin halayyar ɗan Adam, ya tarar kashi 68 cikin 100 na mutanen da aka yi nazari a kansu 'yan Amurka ne, kashi 96 cikin 100 kuma daga ƙasashen Yamma masu arzikin masana'antu suke, alhali waɗannan ƙasashe kashi 12 cikin 100 ne kawai na mutanen duniya. A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa biyu, Steven Heine da Ara Norenzayan, suka nuna cewa a fannoni da dama, kamar yadda ake kallon adalci wajen rabo da yadda mutum ke ɗaukar kansa cikin jama'a, waɗannan mutane sun sha bamban da sauran al'ummomin duniya. Ashe abubuwa da yawa da aka rubuta a littattafai da sunan halin ɗan Adam, halin ɗaliban jami'o'in Yamma ne.

Abin lura gare mu shi ne, kada mu maimaita wannan kuskure a cikin gida, mu mai da ɗan boko na birni ma'aunin dukan 'yan Nijeriya.

Ingancin amsar kanta

Ko da an sami wakilci, da sauran rina a kaba, domin amsar da aka bayar ma tana iya zama gurɓatacciya. Ga manyan hanyoyin da haka ke faruwa.

Na ɗaya, amsa don kuɗi. A 2005 kamfanin Amazon ya buɗe wani dandali mai suna Mechanical Turk inda ake biyan mutane 'yan kuɗi kaɗan su yi ƙananan ayyuka, masu bincike kuma suka rungume shi don samun masu amsa tambayoyi. A 2018 masana suka lura amsoshi marasa ma'ana sun yi yawa, da yawansu kuma kamar daga wuri guda suke fitowa. Da aka bi diddigi sai aka tarar akwai masu ɓoye ainihin ƙasar da suke domin su shiga binciken da ba nasu ba. A 2023 wasu masana a birnin Lozan na Suwizalan suka ƙiyasta cewa tsakanin kashi 33 da 46 cikin 100 na waɗanda suka ba aikin taƙaita rubutu a wannan dandali sun sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ce ta yi musu. A nan gida ma, duk inda aka yi alkawarin katin waya ga mai amsawa, sai an yi hattara da mai cika takarda sau uku da lamba uku.

Na biyu, amsa ba tare da karantawa ba. Idan tambayoyi suka yi tsawo, data kuma na ƙarewa, sai mutum ya riƙa danna amsa guda daga sama har ƙasa don ya sauke nauyin abokin da ya roƙe shi.

Na uku, kunya da kara. Tambaya a kan taɓin hankali, ko shan ƙwaya, ko rikicin cikin gida, ba kowa ke amsa ta tsakani da gaskiya ba. Intanet tana da amfani a nan, don mutum ya fi sakin jiki in babu mai kallonsa. Amma a gidaje da yawa waya ɗaya ce ake yi wa taron dangi, kuma matar da ke amsawa a wayar maigida, ko ɗa na karanta mata, ba ta cikin sirri.

Na huɗu, fassara. Yawancin ma'aunan halayya an tsara su ne da Turanci. Mu masu aikin fassara mun san kalma guda ta likita tana iya rarrabuwa a Hausa zuwa damuwa, da baƙin ciki, da ɓacin rai, da mutuwar jiki, kowacce da inda ta dosa. Wanda aka yi wa rasuwa jiya yana cikin baƙin ciki, amma ba lalle ne yana da ciwo ba. Mai ciwon kuwa sau da yawa cewa zai yi kansa na zafi, ko ƙirjinsa ya yi nauyi. Ƙa'idar masana ita ce wani ya fassara zuwa Hausa, wani dabam wanda bai ga na asali ba ya mayar Turanci, a kwatanta, sa'an nan a jarraba a kan mutane kaɗan kafin a fita fili. A jiha irin Nasarawa, inda Hausa harshe na biyu ne ga mutane da yawa, wannan jarrabawa ta zama wajibi.

Yadda ake yin aiki mai inganci

Ƙasarmu tana da misalai nagari. A 2018 Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ta gudanar da binciken yawan jama'a da lafiyarsu a dukan jihohi 36 da Abuja. An fara zaɓen yankuna 1,400 ta hanyar ƙuri'a, birni da ƙauye, aka lissafa gidajen da ke cikinsu, sa'an nan aka zaɓi gidaje 30 a kowane yanki. Ma'aikata suka bi gida gida da tambayoyin da aka fassara zuwa Hausa, da Yarbanci, da Ibo, suka gana da mata 41,821 da maza 13,311. Sun yi amfani da ƙananan kwamfutoci wajen rubuta amsa, amma ƙuri'a ce ta zaɓi wanda za a tambaya.

A watan Afrilu na 2020, da annobar korona ta hana zirga-zirga, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tare da Bankin Duniya suka koma binciken wayar tarho. Ba su watsa saƙo don duk mai so ya amsa ba. Sun ɗauko lambobin ne daga gidajen da aka riga aka zaɓa ta ƙuri'a aka ziyarta a 2018 da 2019, suka sami gidaje 1,950 a zagayen farko. Da yake sun san kamannin gidajen da ba a samu ta waya ba, sai suka iya daidaita nauyi bisa sani.

A fannin lafiyar ƙwaƙwalwa, Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranci wani babban bincike a farkon shekarun 2000, ƙarƙashin shirin Hukumar Lafiya ta Duniya. Rahoton da suka fitar a 2006 ya dogara ne a kan ganawa ido da ido da mutum 4,984, aka sami kashi 12.1 cikin 100 sun taɓa fama da wata larurar ƙwaƙwalwa a rayuwarsu. Masu binciken sun bayyana a fili cewa wannan adadi na yankin masu jin Yarbanci ne. Faɗin iyakar abin da aka gano alama ce ta mai gaskiya. Yanzu da aka sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, bukatar irin waɗannan alƙaluma daga kowane yanki ta ƙaru.

Kira ga masu bincike da ɗalibai

Ba a hana binciken intanet ba. Yana da araha, yana da sauri, kuma ya dace ƙwarai idan jama'ar da ake nazari duk suna da waya kuma akwai jerin sunayensu, alal misali ɗaliban makaranta guda ko ma'aikatan ma'aikata guda. Abin da ake bukata shi ne:

1. A faɗi su wane ne suka amsa, da yadda aka same su, da yawan waɗanda aka gayyata suka ƙi.
2. Kan maganar rahoto ya tsaya a kan waɗanda aka tambaya. In ɗalibai ne a ce ɗalibai.
3. A haɗa intanet da kiran waya da ziyarar gida, domin a kai ga mutanen karkara, da mata, da tsofaffi.
4. A saka tambayar gwaji don gane mai danna amsa ba karatu, a duba lokacin da kowa ya ɗauka, a hana lamba guda amsawa sau biyu.
5. A rubuta ƙa'idar zubar da gurɓatacciyar amsa tun kafin a ga sakamako, kada a zaɓi abin da ya yi wa mai bincike daɗi.
6. A nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike kafin a fara.

Kira ga jama'a

Ya kai mai karatu, in ka ji an ce bincike ya nuna kaza, yi tambaya huɗu: Wa ya yi shi? Wa aka tambaya? Yaya aka zaɓe su? Da wane harshe? In babu amsa, to ka riƙe maganar da hannu biyu amma kada ka gina kome a kanta, kada kuma ka watsa ta.

In an zo gare ka da bincike na gaskiya, ka sani kana da haƙƙi. Wajibi ne a gaya maka manufarsa da wanda ya ɗauki nauyinsa. Kana da ikon ƙin amsa kowace tambaya a binciken jami'a ko na ƙungiya, kana da ikon dainawa a tsakiya. Dokar Ƙididdiga ta 2007 ta wajabta wa ma'aikatan ƙididdiga riƙe sirrin wanda ya ba da bayani, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta watan Yuni 2023 kuma ta shimfiɗa ƙa'idojin karɓa da ajiye bayanan mutum. Ka nemi ganin katin shaidar ma'aikaci, in kana shakka ka tuntuɓi mai unguwa ko dagaci.

Ka yi hattara da 'yan damfara masu fakewa da sunan bincike. Mai bincike na gaskiya ba ya neman lambar sirrin katin banki, ko lambar BVN, ko lambar da banki ya turo maka ta saƙo, kuma ba ya cewa ka biya kuɗi ko ka tura wa mutum ashirin kafin ka sami kyauta.

In kuwa ka yarda za ka amsa, ka amsa gaskiya, sau ɗaya, da bakinka. Kada ka ƙara wa halinka gishiri da zaton za a kawo tallafi, kada ka rage don kunya. Magidanta su bar matansu su amsa da kansu, domin wanda ke cikin ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Sarakuna, da malaman addini, da shugabannin ƙungiyoyin manoma da na mata su taimaka wajen wayar da kan jama'a duk lokacin da ma'aikatan bincike suka iso yankinsu. Gidan da ƙuri'a ta faɗa kansa yana magana ne a madadin ɗaruruwan gidaje da ba a je ba, saboda haka in ya rufe ƙofa, ya rufe ta ne a kan maƙwabtansa duka.